Tarihin Janar Sani Abacha: Yadda Ya Hau da Yadda Ya Ƙare

 Abin da muke nufin kawowa a wannan fili shi ne tarihin Janar Sani Abacha, mutumin Kano, wanda ya riƙi mulkin Nijeriya shekara huɗu da wata shida da mako uku, daga 1993 zuwa 1998. Labarin mutumin nan yana da nauyin faɗi gare mu mutanen Zamfara, gama da hannunsa aka yanke mana jiha daga Sakkwato, Hausawa kuwa sun ce in baki ya ci ido kan ji kunya. Amma ɗan kasuwa ya san littafin ciniki ba ya cika sai an rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, malami kuma ya san ba a karɓar shaidar wanda ya faɗi rabi ya ɓoye rabi. Saboda haka za mu bi rayuwarsa daki-daki, mu ajiye alherinsa gefe guda, ɓarnarsa gefe guda, mai karatu ya auna da hankalinsa.

Fasali na farko: asalinsa da shigarsa soja

An haifi Sani Abacha a birnin Kano ran 20 ga Satumba, 1943, watau cikin watan Azumi na shekara ta 1362 daga Hijira, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Gidansu Barebari ne, asalinsu daga Barno, amma shi a Kano ya tashi, can kuma ya yi karatunsa na boko har sakandaren lardi, wadda daga baya aka sa wa suna Kwalejin Rumfa. A zamanin nan Sardaunan Sakkwato da manyan Arewa suna ta jawo hankalin samarin makaranta su shiga soja, domin hafsoshi 'yan Arewa kaɗan ne ƙwarai. A 1962 Sani ya tafi makarantar horon soja ta Kaduna, daga can aka aika da shi garin Aldashot na ƙasar Ingila, ya komo a 1963 da anini ɗaya a kafaɗa. A 1965 ya auri Maryam, wadda ta haifa masa 'ya'ya goma.

Bai daɗe cikin aikin ba ƙasa ta rikice. Ran 15 ga Janairu, 1966, waɗansu manjoji suka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa. A ƙarshen Yuli na wannan shekara sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Janar Ironsi, Yakubu Gowon ya hau, Abacha kuwa yana cikin ƙananan hafsoshin da suka yi wannan aiki. Sa'an nan ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya riƙa hawa muƙami bayan muƙami, bai tsallake ko ɗaya ba har ya kai cikakken janar.

To, ka lura da makarantar da ya fito. Tun yana ɗan shekara ashirin da biyu ya gani da idonsa cewa wanda ya riga kama bariki da gidan rediyo da asuba, shi ne gwamnati kafin hantsi. Wannan darasi bai bar shi ba har ya mutu. Ga halinsa kuwa, mutum ne gajere mai tsage a kumatu, marar yawan magana, mai son baƙin tabarau, ba a gane abin da ke ransa ta fuskarsa. Abokan aikinsa da yawa sun ɗauki shirunsa ƙarancin wayo, suka raina shi, alhali kuwa shiru-shiru ba tsoro ba ne.

Fasali na biyu: mai naɗa wasu kafin ya naɗa kansa

Jama'a ba su san sunansa ba sai ran Asabar, 31 ga Disamba, 1983. Da safiyar nan aka ji muryar wani Birgediya Sani Abacha a rediyo yana shelar soja sun tuɓe Shugaba Shehu Shagari. Dalilan da ya kawo su ne cin hanci na shugabanni, da tsadar abinci, da rashin biyan albashi, da asibitocin da babu magani cikinsu sai ganin likita kawai. Mai karatu ya riƙe waɗannan dalilai, za mu komo gare su. Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka ba Abacha runduna ta biyu da ke Badun, da kujera a majalisar ƙoli ta soja.

Bayan wata ashirin, ran 27 ga Agusta, 1985, ana cikin hutun Babbar Salla, mataimakin Buhari, Tunde Idiagbon, yana Makka wajen aikin Hajji, aka sake juyi. Abacha yana cikin waɗanda suka ƙulla shi, shi ne kuma ya faɗa wa ƙasa cewa Janar Ibrahim Babangida ne sabon shugaba. Ladansa shi ne shugabancin rundunar sojan ƙasa duka.

Abin da ya ɗaukaka shi a idon mutanen Arewa ya auku ran 22 ga Afrilu, 1990, cikin goman ƙarshe na watan Azumi. Manjo Gideon Orkar da mutanensa suka auka wa barikin Dodan a Ikko, suka kashe dogarin Babangida, Laftana Kanar U. K. Bello, suka kama gidan rediyo. Cikin shelarsu har suka ce sun fitar da jihohi biyar daga Nijeriya, su ne Sakkwato da Katsina da Kano da Bauci da Barno. A ran nan Gusau da Tsafe da Bunguɗu duk cikin Jihar Sakkwato suke, watau da abin ya tabbata, da fataken garuruwan nan sun wayi gari baƙi a kasuwannin Kudu da suka saba kai dabbobi da hatsi, su sayo goro. Abacha ya tara sojojin da ba su juya baya ba, kafin faɗuwar rana an murƙushe tawayen, daga baya aka harbe sojoji fiye da 60. A wannan shekara ya zama ministan tsaro. Daga nan Babangida ya zama mai bashin rai a wuyansa, duk barikin Nijeriya kuma an san wane ne mai ƙarfi na biyu.

Fasali na uku: yadda mulki ya faɗo hannunsa

Ran 12 ga Yuni, 1993, aka yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Alhaji Mashudi Abiola, attajirin Abekuta, da Alhaji Bashir Tofa na Kano. Ƙuri'un da aka ƙidaya sun nuna Abiola ne ya ci, har a Jihar Kano ya fi Tofa. Ran 23 ga wata gwamnatin soja ta soke zaɓen. Ƙasar Yarabawa ta kama da wuta, mutane suka yi ta kwashe iyali suna komawa garuruwansu don tsoron yaƙi. A ƙarshen Agusta Babangida ya sauka, ya bar gwamnatin riƙo a hannun wani farar hula, Cif Ernest Shonekan, amma ya bar Abacha a kan kujerar tsaro. A littafinsa na 2025 Babangida ya yarda Abiola ne ya ci zaɓen, ya ɗora laifin sokewar a kan hafsoshin da Abacha ke jagoranta, iyalan Abacha kuwa suka ƙaryata shi.

Gwamnatin riƙo ba ta da tushe. Cikin Nuwamba wata babbar kotu a Ikko ta ce haramtacciya ce, ga shi kuma an ɗaga kuɗin litar fetur daga kwabo 70 zuwa naira 5, ma'aikata suka shiga yajin aiki. Ran Laraba, 17 ga Nuwamba, 1993, manyan hafsoshi suka shiga wurin Shonekan, kafin dare ya yi murabus, Abacha ya hau ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kashegari ya rushe jam'iyyu biyu da majalisu duka, ya sallami gwamnonin da jama'a suka zaɓa. Cikinsu akwai gwamnan Sakkwato, Malam Yahaya Abdulkarim.

Ka duba dabararsa ta farko. Ya rage fetur zuwa naira 3 da kwabo 25, talaka ya yi murna. Ya ɗauki Janar Oladipo Diya, Bayarabe, mataimaki. Ya jawo manyan 'yan siyasa ya ba su minista, har da Babagana Kingibe wanda ya tsaya wa Abiola mataimaki, da Abubakar Rimi, da Lateef Jakande. Mutanen Abiola da yawa suka zaci zai share fage ne ya miƙa wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Da shekara ta kewayo Abiola ya ga ba haka ba ne, sai ya yi shelar shi ne shugaban ƙasa ran 11 ga Yuni, 1994. Ran 23 ga wata aka kama shi, bai ƙara kwana a gidansa ba. Ma'aikatan man fetur suka yi yaji wajen wata biyu, aka rushe shugabancin ƙungiyoyinsu, aka tsare sakatarensu Frank Kokori, aka rufe manyan jaridu uku na Ikko. Cikin Satumba aka kafa dokar da ta hana kotu sauraron ƙara a kan abin da gwamnati ta aikata. Tun daga ran nan babu alƙalin da ke sama da Abacha a Nijeriya.

Fasali na huɗu: abin da aka gani na amfani

Adalci ne a faɗi abin da ya sa har yau akwai masu yabonsa a kasuwanninmu. A Oktoba 1994 ya mayar da litar fetur naira 11, amma ya kafa asusu na musamman da ake zuba rarar kuɗin a ciki, wanda aka sani da PTF, ya danƙa shi ga Janar Buhari a 1995. Da kuɗin nan aka gyara hanyoyi, aka kai magani asibitoci, aka gyara makarantu da rijiyoyin burtsatse, talaka ya ga abin da ido. Tashin farashin kaya, wanda ya haura kashi 70 cikin ɗari a 1995, ya sauko ƙasa da kashi 10 a 1997. Ya kafa kotunan da suka tuhumi masu bankunan da suka ci ajiyar jama'a. A waje kuma sojan Nijeriya ne ƙashin bayan rundunar ECOMOG da ta kai Laberiya ga zaɓen 1997, ta kuma mayar da Shugaba Ahmad Tijjani Kabba kan kujerarsa a Saliyo cikin Maris 1998, bayan soja sun tuɓe shi. Mutane suka yi ta mamakin mai hana zaɓe a gidansa yana tsare zaɓe a gidan maƙwabci.

Babban abin da ya shafe mu ya zo ran Talata, 1 ga Oktoba, 1996, cikin watan Jimada Awwal na 1417. A jawabinsa na ranar 'yancin kai ya ƙirƙiro jihohi shida, su ne Zamfara da Gombe da Nasarawa da Ebonyi da Ekiti da Bayelsa, jihohin Nijeriya suka cika 36. Aka mai da Gusau babban birni, da ƙananan hukumomi 14, aka turo Kanar Jibril Bala Yakubu ya zama mai mulki na farko. Dattawanmu sun san daɗewar da aka yi ana roƙon wannan abu. Tun da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 sunan Zamfara bai ƙara zama sunan ƙasa mai tutar kanta ba. Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa ta zama garin jirgin ƙasa da gyaɗa da auduga, tana tara dukiya, amma ƙaramar takarda sai mutum ya bi hanyar Bunguɗu da Maru da Talata Mafara, tafiyar wajen mil 130, ya je Sakkwato neman sa hannu. Bayan samun jiha ofisoshi suka zo gida, 'ya'yanmu suka sami aikin gwamnati, aka kuma ɗaga sarautun ƙasar, irin su Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu, daga hakimai zuwa sarakuna. Wannan alheri ne, wanda ya musa shi ya yi butulci.

Amma 'yan kasuwa su tuna da ɗaya gefen ciniki. Gwamnati ta tsayar da dala a naira 22 don harkokinta, alhali a kasuwa tana haura naira 80. Duk wanda ke da ƙafa a fada ya sami dala a farashin gwamnati ya sayar a na kasuwa, ya ninka kuɗinsa kusan sau huɗu bai ɗaura kaya ba, bai hau mota ba, falke kuwa mai sayo haja da guminsa shi ke sayen dala da tsada. Matatun mai aka bar su suka lalace, ƙasa mai haƙo mai ta koma sayo fetur daga waje. A 1997 da 1998 direbobi sun kwana a layin gidan mai, kuɗin mota ya tashi, ya hau kan kowane buhun gero da aka ɗauko daga ƙauye.

Fasali na biyar: kurkuku da jini

A Maris 1995 gwamnati ta ce ta gano shirin juyin mulki. Aka kama tsohon shugaban ƙasa Janar Olusegun Obasanjo, da tsohon mataimakinsa Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, da Kanar Lawan Gwadabe, da 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a. A ɓoye aka yi shari'ar, gaban kotun soja. Abin da kowa ya sani shi ne 'Yar'aduwa ne ya ja wakilan taron tsarin mulki suka yanke wa soja wa'adin sauka a Janairu 1996. Aka yanke masa hukuncin kisa, da duniya ta yi ca aka mayar da shi ɗaurin shekara 25, na Obasanjo kuma aka tsayar da shi shekara 15. Ran 8 ga Disamba, 1997, 'Yar'aduwa ya rasu yana ɗaure a Abakaliki, nesa da danginsa, mutane da yawa kuma ba su yarda ciwo kaɗai ya kashe shi ba.

Ran 10 ga Nuwamba, 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na ƙabilar Ogoni a Fatakwal. Shi marubuci ne mai kukan yadda haƙar mai ta ɓata gonaki da ruwan mutanensa. An tuhume su da hannu a kisan dattawan Ogoni huɗu a 1994, amma kotun ta musamman ce, babu ɗaukaka ƙara, daga baya kuma waɗansu shaidu suka ce saye aka yi su. Shugabannin duniya, har da Nelson Mandela, sun roƙa a yi sassauci, ba a saurare su ba. Kashegari ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya, Amurka da ƙasashen Turai suka hana manyan gwamnati shiga ƙasashensu.

Sa'an nan aka shiga kashe-kashen da ba a san mai yi ba. A Oktoba 1995 aka harbe dattijo Alfred Rewane a gidansa. A Fabrairu 1996 aka harbi Alex Ibru, mai jarida, wanda ya taɓa zama ministan Abacha, ya tsira da rauni. Ran 4 ga Yuni, 1996, aka harbe Alhaja Kudirat, matar Abiola, cikin motarta a titin Ikko. Bayan mutuwar Abacha aka gurfanar da babban jami'in tsaronsa, Manjo Hamza al-Mustapha, a kan wannan kisa. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi ta sallame shi a 2013. Jinin matar nan har yau babu wanda shari'a ta tabbatar wa shi.

Kada wani ya ce wannan faɗan Kudu ne, bai shafe mu ba. Ran 20 ga Afrilu, 1996, wata biyar da 'yan kwanaki kafin a ba mu jiha, aka kira Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi ofishin mai mulkin Sakkwato, Kanar Yakubu Mu'azu, aka gaya masa an tuɓe shi, aka sa shi a jirgin sama aka kai shi Jihar Taraba zaman gudun dole. Aka naɗa Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Mutane da yawa sun yi murna, gama Macciɗo suke so tun 1988 sa'ad da gwamnatin Babangida ta naɗa Dasuƙi har aka yi tarzoma. Amma mai hankali ya ga abin tsoro cikin murnar, domin gadon Shehu Usmanu ya zama abin da soja ɗaya ke naɗawa wani soja ya tuɓe da takarda guda. A Satumba na wannan shekara kuma aka kama Malam Ibrahim Zakzaki a Zariya, bai fito ba sai ƙarshen 1998. Shi kansa Abacha bai tsira daga baƙin cikin shekarar ba, gama a Janairu babban ɗansa Ibrahim ya rasu cikin haɗarin jirgin sama kusa da Kano.

Fasali na shida: tazarce da ajali

Abacha ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula ran 1 ga Oktoba, 1998. Aka yi wa jam'iyyu biyar rajista, duk na 'yan amshin shata, har Cif Bola Ige ya kamanta su da yatsu biyar na hannun kuturu. Sannu a hankali aka gane farar hular da ake nufi shi ne Abacha kansa, in ya tuɓe kaki ya sa babbar riga. Daga nan kalmar tazarce ta shiga bakin Hausawa. A farkon Maris 1998 wani saurayi, Daniel Kanu, ya shirya gangami a Abuja da aka ce na mutum miliyan biyu ne, aka kwaso jama'a daga kowace ƙaramar hukuma, da makaɗa da mawaƙa, ana roƙon Janar ya zarce. Masu rawani ma, na sarauta da na malanta, ba a rasa waɗanda suka sa baki ba. Cikin Afrilu jam'iyyun nan biyar duka suka tsayar da shi ɗan takara, ko da yake Alhaji M. D. Yusufu, Bakatsine, tsohon shugaban 'yan sanda, ya yi ƙarfin halin ja da shi a taron ɗaya daga cikinsu a Maiduguri. Dattawan Arewa 18 suka rubuta masa takarda kada ya tsaya, daga baya suka zama 34 daga ko'ina cikin ƙasa, Dakta Alex Ekwueme yana gabansu. Aka tsare Abubakar Rimi da Sule Lamiɗo.

A wannan lokaci tsoron da ya shuka ya komo kansa. Ba ya fita fadar Aso sai nadiran, ministoci kan yi kwanaki suna jiran ganinsa, dogarai suka fi janarori iko. A Disamba 1997 aka kama mataimakinsa Diya da waɗansu janarori bisa zargin juyin mulki, ran 28 ga Afrilu, 1998, aka yanke wa Diya hukuncin kisa. Mutumin da ya taimaka aka tuɓe shugabanni ɗaya bayan ɗaya ya san ta inda ake shigowa, saboda haka kowane na kusa da shi ya zama abin zargi.

Ran Lahadi, 7 ga Yuni, 1998, ya tarbi shugaban Falasɗinawa Yasir Arafat a Abuja. Da safiyar Litinin, 8 ga wata, cikin Safar na 1419, Allah Ya karɓi ransa a fadar Aso, yana da shekara 54. Gwamnati ta ce ciwon zuciya ne, jama'a suka yi ta raɗe-raɗin guba, ba a kuwa binciki gawar ba, gama a ran nan aka kai ta Kano aka binne. A Kano aka yi makoki, a Ikko da Badun mutane suka fito titi suna murna. Saura ƙasa da wata biyu a yi zaɓen da babu mai takara cikinsa sai shi.

Abin da ya biyo baya ya isa wa'azi. Janar Abdussalami Abubakar ya hau, cikin mako guda ya saki Obasanjo, ba a jima ba ya rushe jam'iyyun nan biyar, ba wanda ya yi musu kuka. Waɗanda suka rantse babu mai iya riƙe Nijeriya sai Abacha suka nemi sabon ubangida. Abiola ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli, wata ɗaya bayansa. Diya, da aka yanke wa mutuwa, ya fita ya rayu har 2023. Ran 29 ga Mayu, 1999, Obasanjo, ɗaurarren jiya, ya shiga fadar da aka sa hannu a kan ɗaurinsa, a 2007 kuma Umaru, ƙanen Shehu 'Yar'aduwa, ya gaje shi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Fasali na bakwai: dukiyar da aka bi sawunta

Bayan rasuwarsa aka buɗe littattafan Babban Bankin Nijeriya. Abin da bincike ya nuna, wanda ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai gaban kotu, shi ne mai ba shi shawara kan tsaro yakan rubuta takarda yana neman kuɗi don wata larurar tsaro, Abacha ya sa hannu, a fitar da kuɗin tsaba daga banki, sa'an nan a bi da su ta hannun 'ya'yansa da abokan cinikinsu zuwa bankunan Turai. Ta wannan hanya kaɗai an fitar da fiye da dala biliyan 2, biliyan kuwa miliyan dubu ce. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta abin da ya salwanta duka tsakanin dala biliyan 2 da biliyan 5.

Akwai masu cewa sharrin Turawa ne, akwai masu cewa ya ajiye kuɗin ne don ƙasa saboda takunkumi. Janar Buhari ma ya faɗa a Kano a 2008 cewa Abacha bai yi sata ba. Amma kuɗin sun dawo, an ƙidaya su. Suwizalan ta mayar da wajen dala miliyan 500 a 2005 da 2006. A 2014 wata kotun Amurka ta ƙwace dala miliyan 480. A zamanin mulkin Buhari kansa aka karɓo dala miliyan 322 daga Suwizalan, aka raba wa gidajen matalauta naira 5,000 a wata, a 2020 kuma aka karɓo miliyan 311 daga tsibirin Jasi, aka zuba su a gadar Kwara ta biyu, da hanyar Ikko zuwa Badun, da hanyar Abuja zuwa Kano ta Kaduna. Ɗan kasuwa ya tambayi kansa, in yaron shagonsa ya kwashi kuɗin aljihun tebur ya kai garin nesa ya ajiye da sunan 'ya'yansa, ba takarda ba shaida, ajiya zai kira wannan? A nan ne mai karatu zai tuna da dalilan da Birgediya Abacha ya kawo a rediyo ran da aka tuɓe Shagari.

Kammalawa

Ga lissafin mutumin nan gabanku. Ya tsare Arewa a 1990, ya ba Zamfara jiha a 1996, an gyara hanyoyi da asibitoci a zamaninsa. A zamaninsa kuma aka rufe bakin alƙalai, aka rataye mutane ba ɗaukaka ƙara, Tafidan Katsina ya mutu a kurkuku, aka kwashe baitulmali. Godiyar jiha ba ta wajabta mana musun waɗannan ba, gama jihar haƙƙin mutanenta ce da suka daɗe suna nema, kuɗin da aka gina ta da su kuma na jama'a ne. Abin da ya fi kamata malamai da attajirai su riƙe shi ne, mulkin nan bai tsaya da bindiga kaɗai ba, ya tsaya da masu yabo da masu neman kwangila da masu yin shiru don an ba garinsu wani abu. Duk mai mulkin da zai zo ya nemi ya fi ƙarfin shari'a, ƙofar gidajenku zai fara ƙwanƙwasawa, da kyauta a hannunsa. Shi dai Sani Abacha ya tafi inda ba mu da ikon hukunci a kansa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa waɗanda aka zalunta, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya. Wassalam.